Yanar ido: ture ta da tsinke ba magani ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu ja hankalin masu kula da tsofaffi kan yanar ido, wadda binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya nuna ita ce sanadin kusan kashi 43 cikin 100 na makanta a Najeriya.

Yanar ido ba fata ce da ta rufe ido daga waje ba. Gilashin halitta ne da ke bayan baƙin ido yake dusashewa saboda shekaru, kuma babu kwalli ko ɗigon da ke narkar da shi.

Masu yawo ƙauye-ƙauye suna soka tsinke su tura wannan gilashi can cikin ido. Nan take tsoho ya ga haske, a yi ta murna. Amma gilashin yana nan ciki, yana jawo kumburi, ko hawan jinin ido (wato ƙaruwar matsin ruwan cikin ido), ko ɓallewar tantanin gani da ke can ƙuryar ido, ga tsinken ba lallai a tsabtace shi ba. Ko an dace, sai da tabarau mai kauri ƙwarai. A wancan binciken, fiye da kashi 70 na idanun da aka yi wa haka sun makance. Ana cewa ya fi asibiti araha, amma ina arahar take, bayan an sayar da akuya an biya, ido kuma ya tafi?

A asibiti, kashe zafin idon ake yi, a yi 'yar tsaga ta milimita 6 zuwa 7, a fito da yanar, a sa gilashin roba a gurbinta. Aikin kamar minti 20 ne, washegari a cire bandeji, a yi ta ɗiga magani sati huɗu zuwa shida. Akwai wani aikin da ake yi da inji, mai tsaga milimita 2 zuwa 3, wanda ya fi tsada da saurin warkewa, amma ganin da ake samu daga ƙarshe kusan ɗaya ne, don haka kada rashin kuɗinsa ya hana kowa zuwa.

Mai ciwon suga ko hawan jini sai an daidaita masa tukuna. Idan bayan aiki ido ya yi ja, yana zogi, gani yana raguwa, a koma a ranar, kada a kwana.

Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano. A kai Baba ko Inna a auna, domin wani hazon hawan jinin ido ne, shi kuwa ganin da ya cinye ba ya dawowa.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar ido, Kano.