Neman Cuku Mai Kyau a Ƙasar Waje

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ake ɗauka ƙarami, alhali yana damun Hausawa da yawa mazauna ƙasashen Turai, wato yadda mutum zai sami cuku mai kyau, wanda zuciyarsa ta natsu da shi, a ƙasar da ba tasa ba. Ina zaune a Birmingham ta ƙasar Ingila, kuma na lura 'yan uwanmu na Najeriya da Nijar da Gana sun kasu biyu a kan wannan batu. Wasu sun ƙaurace wa cuku baki ɗaya saboda shakka. Wasu kuma ba su san wani cuku a nan ba sai yankakken nan na cikin leda da ake sa wa yara a burodi, suna zaman jiran ranar da wani zai taso daga gida ya ɓoyo musu na gaske a cikin akwati. A ganina kowanne daga cikinsu ya yi hasara, kuma ƙarancin bayani ne ya jawo hakan, domin cukun yana nan jibge a kantuna.

Abin da muke marmari iri biyu ne. Akwai busasshen cuku na Nijar, wanda matan Abzinawa da na Fulani suke yi a yankunan Tawa da Abalak: a daskarar da madarar saniya ko ta akuya, a shimfiɗa ta falle-falle a kan tabarmar kara, rana ta busar da ita, har ya zama abin da zai yi watanni bai lalace ba. Ana cin sa da shayi, ana kuma daka shi da gero da dabino a dama. Akwai kuma ɗanyen cuku mai laushi, wanda ake kira wara a wajen Ilori, wagashi kuma a Benin da zangunan Gana, wanda Fulani suke haɗawa da ruwan tumfafiya a kan wuta, wani lokaci a rina bayansa ja da karan dafi, a soya shi ko a jefa shi a miya. Wanda ya tashi da ɗayan biyun nan, in ya shiga babban kanti a Ingila ya tarar da firji mai tsawo cike da cuku kala-kala, wani fari, wani rawaya, wani da shuɗin hunhuna a jikinsa, dole ya tsaya ya rasa ta inda zai fara.

Babbar damuwar ita ce ta halal, kuma damuwa ce mai tushe. Yawancin cukun Turai ana daskarar da madararsa ne da wani sinadari da malaman fiƙihu suke kira infaha, wanda asalinsa ake cirowa daga cikin ɗan maraƙi ko ɗan akuya mai shan nono bayan an yanka shi. Da shi ne ma ake yin busasshen cukun Nijar, sai dai a can mun san wanda ya yi yankan. Malamai sun yi saɓani a kan infahar dabbar da ba a yanka ta bisa shari'a ba: Imam Abu Hanifa yana ganin tsarkakakkiya ce, haka ma Ibn Taimiyya, amma abin da aka sani a mazhabar Imam Malik, wadda mafi yawanmu muke bi, da ta Imam Shafi'i, shi ne ba ta da tsarki. Wannan wasiƙa ba fatawa ba ce, kowa ya tuntuɓi malaminsa. Abin da nake so 'yan uwa su sani shi ne, ko wanda ya ɗauki ra'ayi mafi tsanani yana da mafita mai faɗi. Tun shekarar 1990, lokacin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan sinadari da ake samarwa daga ƙananan halittu ba tare da an yanka dabba ba, masana'antu suka riƙa komawa gare shi, saboda ya fi araha kuma ba ya yankewa. A yau yawancin cukun Cheddar da ke manyan kantunan Ingila da irin wannan ake yin sa.

Gane shi kuwa ba wuya. Mutum ya juya fakitin ya duba ko akwai rubutun da ke cewa ya dace da waɗanda ba sa cin nama, wanda sau da yawa ake haɗawa da harafin V. In akwai, to ba a yi amfani da infahar dabba ba. In babu, sai a bar shi ko a tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Akwai kuma wasu irin cuku da ba sai an wahalar da kai ba, saboda dokar da ke kare sunansu ta wajabta a yi su da infahar dabba. Parmigiano Reggiano na Italiya, wanda ake ajiyewa aƙalla wata 12 kafin a sayar, da infahar maraƙi ake yin sa, haka Grana Padano, shi kuma Pecorino Romano da ta ɗan rago. Wani abin da mutane kan manta shi ne giya. Époisses na Faransa ana wanke bayansa da barasa lokacin da yake nuna, kuma akwai irinsa a Ingila, don haka duk cuku mai danshin baya da ƙarfin wari yana bukatar a karanta bayaninsa da kyau.

Game da yankakken cukun leda da mai kusurwa uku da aka saba gani har a kantunan Kano da Yamai, ba na cewa haram ne ko cuta ne. Amma ya kamata a san cewa sarrafaffe ne: ana narkar da cuku ne a haɗa shi da ruwa da wasu gishirai masu hana shi rabuwa, dabarar narkarwar kuwa wani ɗan kasuwar cuku mai suna James Kraft ya yi mata rajista a Amurka a 1916 don cuku ya daɗe a kanti. Abin da ke ba ni takaici shi ne 'ya'yanmu da aka haifa a nan suna tashi da tunanin wannan shi ne cuku, alhali kakanninsu mata sun iya fitar da na gaske daga ƙwaryar madara.

Mai neman madadin wara ya nufi kantunan mutanen Indiya da Pakistan, irin waɗanda suka cika unguwannin Sparkhill da Alum Rock a nan Birmingham, ya nemi paneer. Da ruwan lemon tsami ko wani abu mai tsami ake daskarar da shi, babu infaha a cikinsa, ba ya narkewa a wuta, kuma in aka soya shi aka barbaɗa yaji, ko aka sa shi a miyar tumatir, yana kusa ƙwarai da abin da muka sani, sai dai ya ɗan fi wara tauri kuma ba shi da ɗan ɗacin nan na tumfafiya. Na biyunsa shi ne halloumi na tsibirin Cyprus, wanda Tarayyar Turai ta ba sunansa kariya a 2021. Ana dafa shi ne a cikin ruwan da ya ware daga madarar, shi ya sa yake jure gashi da suya. Aibinsa gare mu gishiri ne, amma in aka yanka shi aka jiƙa a ruwa na ɗan lokaci kafin suya, yana sauka. Shi da infaha ake yin sa, saboda haka a duba fakitin. Kantunan Turkawa da na Siriyawa da na Sudaniyawa kuma suna da farin cuku na cikin ruwan gishiri, mai daɗin karin kumallo da burodi da shayi, kuma a irin waɗannan wurare mai kanti kan san inda kayansa suka fito.

Busasshen cuku kuwa, gaskiya ba shi da madadi a nan. Mutanen Afganistan suna da qurut, mutanen Jodan suna da jameed, dukansu busassu ne, amma daga nono mai tsami ake yin su, kuma tsaminsu da gishirinsu sun yi nisa da na Abalak. Wanda yake son abin tauna da shayi gara ya nemi tsohon Cheddar na gona, irin na yankin Somerset inda ƙauyen Cheddar yake, wanda ake ajiyewa wata 9 ko fiye. Ɗanɗanonsa daban ne, amma cuku ne na kirki da aka yi da haƙuri, kuma ya cancanci kuɗinsa, idan aka tuna cewa kilo ɗaya na irinsa yana cin kusan lita 10 ta madara.

Hanyar da ta fi kwanta mini a rai ita ce mutum ya yi nasa a gida. A sami madara mai cikakken maiƙo, sabuwa ta cikin firji, domin wadda aka dafa da tsananin zafi don ta daɗe a kwali ba ta haɗuwa da kyau. A ɗora lita 2 a wuta har ta kusa tafasa, a sauke, a riƙa zuba ruwan lemon tsami kaɗan-kaɗan ana juyawa a hankali har ta tsinke, ruwan ya koma tsanwa-tsanwa. A tace a ƙyalle mai tsabta, a ɗaure, a danne da abu mai nauyi na kamar awa guda. Za a sami abin da ya kai giram 300 ko ya ɗan ɗara. Duk macen da ta taɓa yin awarar waken suya ta riga ta iya wannan aiki, madara ce kawai ta maye gurbin waken. Sai dai mata masu juna biyu su kula da shawarar hukumar lafiya ta ƙasar nan, wadda ta ce su guji cuku mai laushi mai hunhuna, irin su Brie da Camembert, sai in an dafa shi sosai, da kuma mai laushin da aka yi da madarar da ba a dafa ba.

Saura batun akwati, kuma a nan nake roƙon 'yan uwa da babbar murya. Dokar Birtaniya da ta Tarayyar Turai sun hana matafiyi shigowa da nama ko madara ko abin da aka yi da su daga ƙasashenmu, ko busasshe ne, ko tsaraba ce, in ban da 'yan abubuwa kamar ɗan abincin jarirai da aka iyakance. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin wulaƙanci ga baƙar fata, amma dalilinsa cutar dabbobi ce. A 2001 ciwon ɓoru, mai kama baki da kofato, ya ɓarke a Birtaniya, aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6 kafin a shawo kansa. Da cutar ta sake ɓulla a Jamus da Hungari da Slovakiya a farkon 2025, gwamnatin Birtaniya ta hana matafiya shigowa da cuku ko daga Faransa ne, a watan Afrilu na shekarar, tare da tarar da za ta iya kaiwa fam 5,000 a Ingila. Bai kamata mu ɗora wa tsohuwar da ta zo ganin jikokinta, ko ɗalibin da ya shigo da bizar karatu, nauyin tsayawa gaban jami'an kwastan saboda kwaɗayinmu ba. Mu jikokin makiyaya ne da maƙwabtansu, mun san abin da ɓoru yake yi wa garke.

Wannan ne ya kawo ni ga roƙona gare ka, Malam Edita. Cukun Cyprus da na Italiya sun isa kantunan duniya ne saboda ƙasashensu sun tsara yadda ake duba lafiyar dabbobi, da tsabtar wurin aiki, da rubuta abin da ke cikin fakiti, har masu saye suka amince. Kafin a shigo da kayan madara Turai a hukumance, sai ƙasar da suka fito ta shiga jerin waɗanda aka yarda da tsarinsu, sannan a tantance masana'antar ita kanta. Busasshen cuku ya fi yawancin kayan madara dacewa da doguwar tafiya, tunda ba ya bukatar firji, kuma masu sayensa suna nan a Landan da Faris da Brussels suna jira. Najeriya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi a 2024, Nijar kuma ta daɗe da hukumomin kiwo. Ina roƙon jaridarka ta tura wakilanta Tawa da Abalak da rugagen Kwara, su zauna da matan da ke wannan sana'a, su ji nawa suke sayar da falle ɗaya, wane ne yake saye, da abin da ke lalata musu kaya, sannan su kai wa waɗannan hukumomi tambayar me ake yi game da riga-kafin dabbobi da tantance kayan madara. Idan kuma hali ya yi, a keɓe wa mazauna ƙasashen waje ɗan shafi, inda na Jamus da na Amurka da na Saudiyya za su faɗi irin cukun da suka samu a inda suke da yadda suke gane halal ɗinsa, domin abin da na kawo a nan na Ingila ne kawai.

Wassalam.

Mai karanta jaridarka,
daga Birmingham, Ingila.