Kada A Manta Da Ranar Yaƙi Da Tarin Fuka

Malam Edita,

Ina neman fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan ranakun wayar da kai na watan Maris. Ranar Mata ta 8 ga wata tana samun taruka har da anko, amma ta 24 ga wata, wadda ake tunawa da sanarwar Robert Koch ta gano ƙwayar cutar tarin fuka a 1882, takan wuce shiru, alhali Nijeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi addaba. Maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, sai dai tsangwama tana sa marasa lafiya ɓoyewa. Ina roƙon limamai da gidajen rediyo su riƙa sanar da jama'a cewa tarin da ya kai mako biyu yana buƙatar gwaji.

Naka,
Wani mai karatu, Zariya