Takardar Koke ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi Kan Dakarun Tabkin Kwatto da Tsuntsuwa

Daga dattawa, malamai da matasan ƙasar Gudu, ta hannun uban ƙasarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da biyayya, Allah ya ja zamanin Sarkin Musulmi, ya ƙara lafiya da nasara.

Ranka ya daɗe, mun zo da kukan mutumin da ba ya iya zuwa da kansa, wato dakaren jihadi, wanda ya yi yaƙi da ƙafarsa. Yaranmu na makarantar allo da na boko sun san Shehu Usmanu, sun san Malam Abdullahi da Muhammadu Bello da Sarkin Yaƙi Aliyu Jedo, Allah ya ƙara musu yarda. Amma ka ce yaro ya faɗi sunan ɗan baka ɗaya da ya tsaya a Tabkin Kwatto, sai ya yi shiru. Mu manya ma haka.

Wannan bawan Allah manomi ne, ko makiyayi, ko almajiri. Ya bar gonarsa ya biyo Shehu lokacin hijira daga Degel zuwa nan Gudu a watan Fabrairun 1804. Ba shi da doki, ba shi da sulke. Baka da kwari ne a kafaɗarsa, sai gorar ruwa da ɗan garin da zai dama in ya samu. A watan Yunin wannan shekara Sarkin Gobir Yunfa ya taho da barade da 'yan lifida, jama'ar Shehu kuwa dawakinsu ba su wuce kamar 20 ba. Wa ya tare wannan runduna? Masu baka ne, a ƙasa, ƙura na shiga idonsu, suka tsaya a Tabkin Kwatto har mahaya suka juya. Malam Abdullahi da ya jagorance su ya kwatanta ranar da ta Badar.

Bayan nasarar ma dakare bai huta ba. Yunwa ta bi sansani, cuta ta bi bayanta, shi kuma yana tafe a ƙasa daga wannan zango zuwa wancan. A ƙarshen 1804 aka yi karon Tsuntsuwa kusa da Alkalawa, babban birnin Gobir, inda jama'a ta rasa mutum wajen 2,000, kimanin 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani. Duk lokacin da aka karanta wannan a majalisinmu sai jikin kowa ya yi sanyi, domin kowane ɗaya cikinsu yana da uwa da ta jira shi. Alkalawa ba ta faɗi ba sai 1808, kuma da yawa daga waɗanda suka faro tafiyar ba su ga ranar ba.

Ba gunki muke nema ba, ranka ya daɗe, ba kuma gini a kan kabari ba. Addininmu ya hana. Abin da ke hana mu barci shi ne tsofaffin da suka gaji labarin daga bakin kakanninsu suna ta komawa ga Allah, kowa ya tafi da abin da ya sani.

Don haka muke roƙon Mai Alfarma ya sa baki a turo masana daga sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu su zauna da dattawanmu, su ɗauki maganarsu, su rubuta duk sunan da ya saura a bakin zuriya. A tantance filayen biyu, a kewaye su, a kafa allo mai rubutun boko da ajami da Larabci. Muna kuma roƙon a ware rana guda a shekara ta saukar Alƙur'ani da addu'a. A wannan addu'a kada a manta da talakan Gobir da ya kwanta a ɗaya ɓangaren, domin shi ma kiran sarkinsa ya amsa, kuma yau jikokinsa surukanmu ne, sahu ɗaya muke bi a masallaci.

Aikin ƙarfi namu ne. Matasanmu za su yi bulo su ɗebo ruwa, masu hali sun yi alkawarin ciyar da baƙin da za a turo. Umarnin Sarki kawai muke jira.

Allah ya taimaki Sarkin Musulmi. Wassalam.