Wai ina ungulayen garinmu suka shiga?

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi maganar ungulu, na san wani zai ce duk matsalolin ƙasar nan ka rasa abin magana sai ungulu, to a yi haƙuri.

Satin da ya wuce na raka yayana wani ƙauye wajen Ningi, da safe muna shan koko sai ga ungulu biyu a kan wata kuka, wallahi sai da na miƙe tsaye don rabona da ganinta ido da ido ya fi shekara 10. Sun baje fukafukai suna shan hantsi kamar an shanya tsumma, ba su tashi ba sai da ƙasa ta ɗau zafi sannan suka bi iska suna ta jewa har suka zama ɗigo, ko kaɗa fiffike ba sa yi. Ɗan yayana mai shekara 9 wai Baffa wannan wane irin shaho ne, kai jama'a.

Mu da muka taso kwata ba ta cika kwata ba sai da ungulu, suna ɗingishi bayan mahauta, a wurga musu tumbi su yi caa a kai, kan nan sanƙo ya yi jawur. Jaki ya mutu a bayan gari kafin la'asar sai ƙashi. Yanzu mushe sai ya kwana uku yana wari, karnuka da ƙudaje ne ke biki.

Kuma kowa ya san inda suke tafiya, ka zaga wajen masu kayan tsubbu a kasuwa ka ga kawunansu a shanye, ga masu barbaɗa guba a mushe su kwashe garke guda. A Gini Bisau an kashe sama da 2,000 a 2020 ta haka. Tsuntsuwar da ƙwai ɗaya tal take yi a shekara ina za ta iya? Tun 2015 IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, ta sa irin tamu ta kwata cikin masu dab da ƙarewa. Indiya ma sun ɗanɗana, allurar kashe ciwo ta diclofenac da suke wa shanu ta kusa shafe tasu, don in ungulu ta ci mushen sai ta mutu, sai a 2006 suka hana allurar. Da ungulu suka yi ƙaranci karnukan titi suka yi yawa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru.

Roƙona ga sarakunan fawa da na baka da malamanmu masu huɗuba, su sa baki, su aka fi ji.

Ranar kasuwa mai zuwa zan koma in duba ko suna da sheƙa a kukar nan, sunan ƙauyen kam ba zan faɗa ba.

Naka,
wani mai karatu daga Bauchi