Amsa ga Manajan da Ya Tambayi Nawa Aka Biya Ni

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mawaƙinka da sauran yaran sitidiyo. Masoyanku sun yanko mini wurin da ka ambace ni a hirar da aka yi da kai a rediyo, sun turo ta WhatsApp, har da gyaran zagi a kai. Na ji abin da ka ce game da sharhin da na rubuta kan sabon albam ɗinku. Ka tambayi wace waƙa na taɓa rerawa da zan zama alƙali. Ka ce irinmu kunnenmu ya maƙale a zamanin kaset. Sannan ka yi 'yar dariya, ka ce jama'a su tambaye ni nawa abokin hamayyarku ya danƙa mini. Mai gabatar da shirin ya taya ka dariyar, shi ma Allah ya saka masa.

Ta farkon ba sai mun ɓata lokaci a kanta ba. Ban taɓa waƙa ba, ba kuma na shirin farawa da furfura. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya kwashe shekaru a Jami'ar Bayero yana feɗe waƙoƙin makaɗan baka, da alƙalami aka san shi ba da kalangu ba, ban kuwa ji wanda ya ce sai ya kawo nasa faifan kafin a karanta shi ba. Albam ɗin nan ba don mawaƙa kaɗai kuka sake shi ba, don mu kuka saki. Na sa datata, na ba shi kunnena, to ina da bakin magana.

Maganar kuɗin ita ce ta sosa mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Ba ni da gidan sama, ba ni da mota mai baƙin gilashi, abin da na tara a wannan harka suna ne kawai, shi kuwa ka ɗauka ka wulla a gaban masu sauraro don ka samu abin dariya. Saboda haka bari in amsa maka a fili: ko sisin kwabo ba wanda ya ba ni. In kana da shaida, gidan rediyon yana nan, ka koma ka baje ta.

Amma tunda kai ka ɗauko zancen ambulan, mu ƙarasa shi. A harkar nan wa ya taɓa biyan kuɗi don a yi suka? Kuɗi wajen yabo suke tafiya, kai ka fi ni sani, don ta hannun manaja suke bi. Akwai na man fetur da ake miƙa wa mai gabatar da shiri. Akwai na masu manyan shafukan Instagram da Facebook, waɗanda kan rubuta cewa waƙa ta girgiza Arewa tun kafin a gama haɗa ta. Akwai na 'yan TikTok da ake ba su yanki su taka rawa a kai har ta zama yayi. Ban ce haramun ba ne, talla ce, kowace sana'a da tallarta. Abin da ya ba ni mamaki shi ne mai raba ambulan ya waiwayo ya nuna ɗan yatsa ga mutum ɗaya da bai karɓa ba. Kuma ka tuna lokacin da yaron nan ya saki albam ɗinsa na farko. Na yaba shi iya yabo, kai da kanka ka ɗauki rubutun ka ɗora a shafinka, ka kira ni masani. Nawa ka biya ni a ranar?

Abin da na lura shi ne duk tsawon hirar ba ka taɓa ko jimla ɗaya daga cikin abin da na rubuta ba. Bari in tuna maka. Na ce waƙa ta uku da ta bakwai da ta tara kiɗa ɗaya ne, an ɗan ƙara gudu a nan, an rage a can, an sauya amshi. Duk mai shakka ya kunna su a jere ya rufe ido. Na ce an matse muryar yaron cikin na'urar gyaran murya har ta rasa kaushin nan da ya sa muka so shi tun farko, yanzu in ba a faɗi sunansa a farkon waƙa ba, ba ka bambanta shi da sauran masu fitowa daga ɗakunan haɗa waƙa na Zoo Road a Kano. Na ce ana jawo kalma da ƙarfin tsiya don kawai ƙafiya ta zauna, ko da baitin ya tashi babu ma'ana. Na ce an aro karin waƙa daga waje an ɗora Hausa a kai ba tare da an duba hawa da saukar muryar kalmomin ba, har sai Bahaushe ya maimaita sauraro kafin ya gane da harshensa ake magana.

Wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce waƙa ta biyar, don ita ce mafi kyau a albam ɗin, na kuma faɗi haka. Saurayi ne yake bankwana da yarinyar da aka ɗaura wa aure da wani. Baiti biyu na farko sun zauna daram, kiɗan ya lafa, har mai sauraro ya fara tuna tasa. Ana tsaka da wannan sai mawaƙi ya ajiye kukan ya shiga gaishe da wani Alhaji mai sayar da motoci, da Hajiya mai atamfofi, da kai manaja. Daga nan ya koma ya ci gaba da hawaye. Ambaton masu alheri ba baƙon abu ba ne a waƙar Hausa, makaɗan fada da na jama'a duk sun yi. Sai dai su sukan ware wa mutum waƙarsa, su gina ta a kansa tun daga tushe, ba su liƙa shi a tsakiyar makokin wani ba.

Batun zamanin kaset kuwa, ban ƙi ba, na girma da shi. Amma ban taɓa cewa a jefar da fiyano a koma kalangu ba. Fiyano kayan aiki ne, kuma akwai matasan da suka yi abin a zo a gani da shi, na rubuta a kansu. Abin da nake cewa shi ne Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe ƙasa guda. Barmani Choge da ƙwarya ta yi nata har ta koma ga Allah a 2013. Shata ya bar duniya tun 1999, yau ɗan acaɓan da ba a haifa ba a lokacin yana rera shi. Ku da kuke da kwamfuta mai ɗauke da kowane irin sauti, me zai sa ku ba mu kiɗa ɗaya sau uku? Ka ce miliyoyi sun kalla a YouTube. Madalla, Allah ya ƙara. Na'urar tana ƙirga wanda ya danna ne, ba ta ƙirga wanda ya kai ƙarshe yana so ya sake.

Na san dalilin, kuma ba laifin yaron ba ne shi kaɗai. Da can ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai zai sayi aiki ya buga kaset ko faifai, mai saye ya fitar da kuɗinsa, in albam bai yi daɗi ba ba zai dawo ba. Masu tura waƙa a memori suka zo suka rushe wannan ciniki. Yau abincin mawaƙi yana wajen biki da liƙi da waƙar ɗan siyasa, albam ya koma allon talla don a gayyace shi kamu da dina. Shi ya sa ake gina waƙa a kan 'yan daƙiƙoƙin da za su shiga TikTok, sauran mintunan a cika su da ko mene ne. Wannan lissafin manaja ne, ba na mawaƙi ba, wataƙila shi ya sa ka fi mai ƙora shafawa. Shi yaron har yau bai ce mini uffan ba.

Abin da ya fi damuna ya wuce ku. A Arewa magana kan waƙa iri biyu ce kawai. Ko a ce tana ɓata tarbiyya a kira Hukumar Tace Finafinai, wadda aka kafa a Kano tun 2001, ta hana ta, ko a ce ba a taɓa yin irinta ba. Tsakanin mai neman a kulle mawaƙi da mai yi masa kirari babu kujerar wanda zai ce baitin nan ya yi, wancan bai yi ba, ga dalili. Duk wanda ya gwada zama a wurin sai a ce mahassadi ne, ko an saye shi, ko yana son toshe wa ɗan talaka hanyar abinci, a sako masa rundunar masoya su zagi iyayensa. Mawaƙan da kansu sukan kira ni da dare su ce gaskiya na faɗa game da wane, gari na wayewa su yi tsit, ranar da aka zo kan nasu kuma su ce ƙiyayya ce.

Shi abokin hamayyar taku da kake zargin ya cika mini aljihu, nasa albam ɗin ya fito, na saurara, kuma ya fi naku ramuka. Sharhinsa na nan tafe. Ina roƙon alfarma ɗaya: in manajansa ya shiga rediyo ya tambayi nawa kuka biya ni, ka daure ka kira shirin ka faɗa masa adadin.

Ka gaishe mini da yaron, ka ce masa muryarsa ta asali nake jira. Wassalam.