Daga Anyama, bayan daren Lahadi

Anyama, Kodebuwa
Alhamis, 15 ga Fabrairu, 2024

Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, yaya jikin Inna? Ka duƙa ka gaishe min da ita, ka ce ƙafar nan kada ta riƙa matsa mata da zirga-zirga. Ina gaida Anti da yara, da Auta, wanda da shi nake da magana a ƙarshen takardar nan. Mu nan lafiya lau, sai zafi da gumi irin na bakin teku, wanda har yau jikina bai gama sabawa da shi ba.

Ka kira ni har sau uku daren Lahadi ban ɗauka ba, ka yi haƙuri. Ko na ɗauka ba za mu ji juna ba. Ka san filin da aka buga wasan ƙarshen gasar cin kofin nahiyar Afirka tsakanin Najeriya da Kodebuwa, na Alassane Ouattara da ke Ebimpe, a yankinmu yake, don haka tun da hantsi garin nan ya rine da ruwan goro, kalar rigar 'yan Kodebuwa. Babba da yaro, mace da namiji, har motocin gbaka, ƙananan bas-bas na haya, an liƙa musu tuta. Tikiti ya fi ƙarfina, sai muka kalla a shagon Alhaji maigidanmu, muka ture huhunan goro gefe guda aka ɗora talabijin a kan benci. Mun kai mu ashirin, 'yan Najeriya da 'yan uwanmu na Nijar masu sayar da garba, wato acheke da soyayyen kifin nan da na taɓa ba ka labari. Da Troost-Ekong ya sa kai a minti na 38 muka yi ihu, sai muka ji unguwa tsit, mu kaɗai ne ke da murya, har Alhaji ya ɗaga hannu ya ce mu sassauta, a garin mutane muke. Da Kessie ya farke a minti na 62 sai da kwanon rufin shagon ya amsa. Ta Haller kuwa a minti na 81, ban ma tsaya ganin maimaicin ba. Har asuba ana busa hon ana kaɗa gwangwani, Litinin kuma gwamnati ta ba da hutu.

To hutun nan shi ya ba mu damar zama. Kasuwa ba ta ci ba, sai muka taru teburin mai shayi tun bayan azahar, aka baje wasan kamar ana tsince goro, mai kyau gefe, mai ƙwari gefe. Abin da aka faɗa a wurin nake so in ba ka, don na san ku ma a majalisarku ta ƙofar gida kun yi naku.

Samari ne suka fara, kuma duk bakinsu ɗaya: Iwobi. Wai ba ya gudu, wai ba ya tare kowa, wai in ya samu ƙwallo sai ya mayar baya. Wani yaro ɗan dako har cewa ya yi da shi ne koci ko benci ba zai ajiye shi ba. Na bar su suka gama, sannan na ce su ƙirga min 'yan tsakiyar Kodebuwa. Suka ce Kessie, Seri, Seko Fofana. Na ce namu fa? Onyeka da Iwobi. Mutum biyu a gaban mutum uku, kuma ukun nan kowannensu a tsakiya ya girma. Iwobi kuwa ɗan kai hari ne, aikinsa a ba shi ƙwallo kusa da gidan abokan karawa ya nemo wa ɗan gaba hanya. An ɗauko shi an ce ya tsaya gaban 'yan baya yana ƙwace, an sa shi aikin Ndidi, wanda rauni ya hana shi zuwa gasar tun farko. In ka ɗora wa doki kayan jaki ya kasa kaiwa, ai ba dokin za ka doka ba.

Yaya, wannan ita ce maganata, kuma har yau ban sauka daga kanta ba. A tsakiya aka ci mu, kuma tun a kan takardar koci aka ci mu. Kocinmu Peseiro ya tsayar da mutum uku a baya, Ajayi da Troost-Ekong da Bassey, ya ƙara Aina da Zaidu a gefe, in an matso sai su koma biyar. Wannan tsarin ya kawo mu wasan ƙarshe, ban musa ba, domin a wasa shida ƙwallo biyu kacal aka zura mana, ɗaya ma fenareti ce. Amma tsari ne na wanda ya toshe ƙofa ya zauna yana jira. Mun ci Kodebuwa da shi a rukuni, ɗaya da nema, da fenaretin Troost-Ekong, lokacin suna a ruɗe. Waɗanda muka tarar ranar Lahadi wasu mutane ne daban, sun sha huɗu a hannun Ikwatoriyal Gini, an kori kocinsu Gasset ana tsakar gasa, Emerse Fae ya karɓa, sun fitar da Senegal mai riƙe da kofi, sun fitar da Mali da mutum goma. Wanda ya leƙa kabari ya dawo ba ya tsoron komai. Mu kuma muka ci ɗaya muka koma gida muka kulle, muka bar musu ƙwallo suna ta ƙwanƙwasawa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Wani direba Bakabe, mai ɗaukar mana kaya zuwa arewa, shi damuwarsa kada a taɓa Zaidu Sanusi, ɗan garinsu Jega. Aka ce masa ya kwantar da hankali, ɓarnar ba ta gefensa ta shigo ba. Ta gefen Ola Aina ta shigo, inda yaron nan Adingra ya yini yana wucewa. Shi ya bugo kwanar da Kessie ya sa wa kai, shi ya yanko wadda Haller ya taɓa. Aina ya yi mana ƙoƙari a duk gasar nan, amma ranar ƙafarsa ta yi nauyi tun kafin hutun rabin lokaci, kowa yana gani, kuma ba wanda aka turo ya taya shi. Direban da kansa ya kawo wata magana da na yarda da ita, ya ce gajiya ce. Kusan mutum goma sha ɗayan nan su ake ta sawa wasa bayan wasa, ga minti 120 da suka yi da Afirka ta Kudu a Buwake ranar Laraba, har sai da aka je bugun fenareti. Ya ce ko mota ce ka taso da ita daga nan zuwa Kano ba ka huce mata ba, kafin Sakkwato za ta nuna maka.

Daga nan aka koma kan Osimhen, kuma a nan ne muryoyi suka yi sama. Wasu na cewa gwarzon Afirka guda, a ce ƙwallo ɗaya ya ci a wasa bakwai. Gaskiya ne, ɗaya ce, a wasan farko da Ikwatoriyal Gini. Amma ni na gan shi da idona ranar wasan Angola a filin Houphouet-Boigny, wanda nan suke kira Felisiya, shi ne wasa ɗaya da na samu shiga. Yaron nan ba ya tsayawa, shi ke bin gola, shi ke bin 'yan baya, shi ke dawowa tsakiya neman ƙwallo. Abin da talabijin ba ta nuna muku shi ne faɗin filin da ke tsakaninsa da sauran 'yan uwansa. Sai a narko masa doguwa daga baya a bar shi da ƙarti biyu. Ranar Lahadi ma haka aka yi, kuma ni dai bayan ƙwallon da muka ci ban tuna wani harin da ya sa golansu ya yi gumi ba. Ƙwallo takwas muka ci a duk gasar, uku na Lookman, uku na Troost-Ekong ɗan baya, ɗaya kuma ɗan Gini Bisau ne ya ci gidansu. Ƙungiyar da ta tara 'yan gaba irin namu bai kamata ta rayu da wannan ba.

Maganar Ahmed Musa kuwa, ka san dole ta taso a taron Hausawa. Kyaftin guda, a je a dawo bai taka filin ba ko na minti ɗaya. Abin ya yi wa mutane ciwo, ni ma ya yi min, domin wanda ya ci wa ƙasar nan biyu a ragar Ajantina a 2014, ya ci biyu a ragar Aisland a 2018, ya cancanci ko minti goma ne. Sai dai ban bi masu cewa da an sa shi da mun ɗauki kofi ba. Shi ma ɗan gaba ne, zai je ya tsaya inda Chukwueze ya tsaya yana jiran ƙwallon da ba za ta zo ba. Wanda na so a sa da wuri shi ne ɗan garinmu Alhassan Yusuf. Ya nuna kansa a wasan farko kafin ya ji ciwo, yana da ƙafa, yana da ƙwace. Da an dawo daga hutu an cire ɗan baya ɗaya ko ɗan gefe an ƙara shi a tsakiya, da aƙalla an yi uku da uku. Sai da saura kusan minti goma aka sako shi, a madadin Iwobi kuma, wato har lokacin biyu ne a gaban uku.

Duk wannan hayaniyar Alhaji bai ce uffan ba, yana ta ɓare goro. Sai da aka kira la'asar muka dawo sannan ya yi magana. Ya ce shekara arba'in ke nan cif, a 1984, yana saurayi yana cikin Felisiya ranar da Najeriya ta buga wasan ƙarshe da Kamaru. Muda Lawal ya fara ci, suka yi ta tsalle kamar yadda muka yi, daga baya Kamaru ta zuba mana uku. Ya ce shi abin da ya gani ranar Lahadi ya riga ya gan shi. Sannan ya tuna mana 2013, da marigayi Keshi ya haɗu da Kodebuwar nan tana da Drogba da Yaya Toure, bai ɓuya ba, ya tare su a tsakiya da Mikel da Onazi, kuma wanda ya ci ƙwallon da ta fitar da su, Sunday Mba, a gasar gida yake wasa. Ya tambaye mu, yau a duk faɗin Najeriya ina ake rainon ɗan tsakiya? Kowane yaro so yake ya zama mai lamba tara a sayar da shi Turai. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, in Ndidi ɗaya ya ji ciwo ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ta rasa wanda za ta sa, to ciwon ya wuce koci. Ba wanda ya iya ba shi amsa.

Ni abin da ke damuna yanzu shi ne gaba. Wasannin neman zuwa kofin duniya mun yi kunnen doki da Lesotho a Uyo, mun yi da Zimbabuwe, maki biyu a wasa biyu, ga Afirka ta Kudu na jira a watan Yuni. Ƙananan ƙasashen nan ba za su fito su kawo mana hari ba, su ma toshewa za su yi, kuma wanda bai iya riƙe ƙwallo a tsakiya ba ba shi da mabuɗin buɗe irin wannan ƙofar. Kwantiragin Peseiro ma ƙarshen watan nan zai ƙare. Abu ɗaya da muka samu a gasar nan wanda ba mu da shi a da shi ne gola. Nwabali kam, Allah ya yi masa albarka, ba don shi ba da tun kafin hutu an gama da mu.

Maƙwabtanmu Julawa sun yi mana tsiya daidai gwargwado, amma ba wanda ya taɓa mu ko kayanmu, ka faɗa wa Inna ta kwantar da hankalinta. Wata dattijuwa da muke sayen ganyen ɗaurin goro a wurinta ma har abinci ta aiko mana da shi ranar Litinin. Ita Haller take ta sa wa albarka, ta ce yaron da ya yi jinyar cutar daji a 2022 ya tashi, ga shi Allah ya ba shi wannan rana. Na ce mata amin, kuma har zuciyata na faɗa.

Yanzu maganar Auta. An nuna min abin da ya rubuta a kan Iwobi a Facebook, har da ambaton iyaye. Yaya, raina ya ɓaci ƙwarai. Zagin da aka yi wa yaron nan ya kai har ya goge hotunansa, sai da Ahmed Musa da kansa ya fito ya roƙi mutane su bari. Auta bai san zaman baƙunta ba. Ni na san yadda mutum ke ji in yana wata ƙasa yana ɗauke da sunan gida, sannan dutsen da zai same shi ya fito daga gidan. Ka zaunar da shi ka ce ya goge, in yana da magana a kan wasa ya yi ta a kan wasa, ba haka Baba ya tarbiyyantar da mu ba. In ya goge, rigar Super Eagles ɗin da ya roƙe ni tana nan na saya masa.

Kayan da na yi maka magana za su taso mako mai zuwa in Allah ya so, huhu shida, direban zai kira ka in ya kusa Mariri. Ka duba biyu na sama da wuri, fari ne, ba ya son jira. Kuɗin Inna na azumi kuma zan turo kafin ƙarshen Sha'aban, ka saya mata gero da sukari tun yanzu kafin su ƙara tashi, na ji yadda naira ke yi. Ka gaida Kawu da mutanen majalisa, ka kuma rubuto min abin da su suka ce a kan tsakiyar nan.

Wassalam.

Ƙaninka,
daga Anyama