Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya kan Bin Diddigin Ƙwayoyin Cutar Gudawa

Mai Girma Kwamishina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan al'amarin da ka fi ni sanin tushensa, wato yadda birninmu ya shafe shekaru yana fama da gudawa ba tare da mun san takamaiman ƙwayoyin da ke haddasa ta ba. A littattafan asibitocinmu ana rubuta "gudawa" ko "atini", a ba da magani, a sallami mara lafiya. Ba kasafai ake kai bayan gidansa ɗakin gwaje-gwaje ba, kuma ko an kai, sakamakon yana maƙalewa a fayil ɗin mutum ɗaya, babu mai tattarawa ya kwatanta na bana da na bara.

Ranka ya daɗe, waɗannan ƙwayoyi suna canzawa. Nau'in kwalara na El Tor da ya taso daga Indonesiya a 1961 ya iso Afirka a 1970, ya kuma kawar da tsohon nau'in da aka saba da shi. A 1992 wani sabo mai suna O139 ya ɓulla a Indiya da Bangaladesh, ya kwantar da manya da yawa saboda garkuwar da suka samu daga tsohon nau'in ba ta kare su ba. A birnin Daka na Bangaladesh, cibiyar binciken cutar gudawa ta icddr,b tana gwada wani kaso na masu gudawa a jere tun 1979, kuma daga 1996 tana ɗaukar mutum ɗaya cikin kowane 50. Da wannan tsari mai sauƙi suka ga O139 ya taso ya lafa, suka ga ƙwayar Shigella dysenteriae nau'i na 1, mai kisa da atinin jini, ta ja baya, 'yar'uwarta Shigella sonnei kuma tana ƙaruwa. Mu a nan, da irin wannan canji zai faru gobe, sai dai mu ji shi ta yawan gawarwaki.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun magani. Duk ma'aikacin ɗakin gwaji ya san farantin da ake shuka ƙwaya a kai, a jera ƙananan faifan magani, washegari a auna da'irar da ƙwayar ta kasa shiga. A ƙasashe da dama da'irar magungunan ampicillin da cotrimoxazole ta rufe tuntuni ga Shigella, wato sun daina kashe ta, ta ciprofloxacin ma tana tsukewa. Likitan da ba shi da wannan bayani na birninsa yana rubuta magani ne a kan zato, yaro kuma yana ci gaba da zubar da jini yayin da uwarsa ke ba shi abin da ya daina aiki.

Ina tunatar da kai cewa a 2018 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙudurin kawar da kwalara, wanda ke goyon bayan burin rage mace-macenta da kashi 90 cikin 100 kafin 2030, kuma sa ido kan cutar na cikin abin da ƙasashe suka ɗauka wa kansu. Lokacin ya ƙarato.

Don Allah a ware asibiti ko da ɗaya ne, a tabbatar masa da sinadaran gwaji da wutar firji ba yankewa, a riƙa gwada kaso tsayayye na masu gudawa, a ajiye ƙwayoyin da aka samu, a fitar da rahoto kowace shekara zuwa hannun likitoci. Batun gyaran bututun ruwa da magudanai da rigakafi yana nan, zan dawo gare shi a wata wasiƙar.

Naka cikin girmamawa,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje